Kacala a Jikin Buhu

Modu Fannami taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, ubansa kuwa Babarbare ne daga bakin Tafkin Cadi, saboda haka tun muna yara nake da izinin tsokanarsa, shi ma yana da nasa. Ni Binta nake, sana'ata gumin shinkafa a nan Haɗeja, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na yabon mutum a banza, balle Modu da na tsufa ina yi wa dariyar manyan kunnuwa. Amma yau zan yabe shi. In labari ya kai masa kuma, sai in ce ban yi ba.

Sana'arsa buga lamba a jikin buhu. Wanda bai san fadama ba zai ce wannan ma sana'a ce? Sana'a ce kuwa. In kaka ta yi, shansherar gidaje da yawa, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, ake lodawa a jirgin ruwa ɗaya daga ƙauyukan da ke bayan Auyo, a sauke a gaɓa, a sake lodawa a mota zuwa kasuwa. Buhunan nan kuwa duk kamarsu ɗaya. Ba don lamba ba, da kullum sai an kai wani gaban alƙali. Kowane gida da tasa: wani kifi, wani tsani, wani ƙahon sa, wani tafin hannu. Gadonta ake yi kamar gona, kuma ɗan dako da bai taɓa shiga aji ba yana hango ta daga nesa zai ce maka buhun gidan wane ne.

Modu ne yake yanka waɗannan lambobi. Tsohon fim ɗin hoton ƙirji na asibiti yake saye a hannun 'yan gwangwan, ya goge shi, ya shimfiɗa a kan katako, ya bi shi da reza a hankali har siffar ta fito a huje. Sai ya ɗora a kan buhu, ya dangwali fenti da guntun soson katifa ya daddanna. Yana ɗagawa sai ka ga kifi ya kwanta tsaf har da ƙayarsa. Na sha ɗaga fim ɗin ga rana in ga haƙarƙarin wani bawan Allah a bayan kifin, in ce, "Babarbare, ƙashin mutane kake ci da shi." Shi kuma ya ce, "Ke da hayaƙi ya cinye wa gira, me kika sani?"

Shagonsa yana layin 'yan buhu, kuma ba nasa ba ne, na Alhaji Inuwa ne. Dole in tsaya a kan shagon nan, don in ba ku san matsayinsa a wurin Modu ba, ba za ku gane abin da ya yi ba. Modu bai taɓa zama wuri ɗaya ba yana yaro. Ruwan tafki ya ja baya, ubansa ya kwashe su zuwa wani gari, daga nan zuwa Birniwa, daga Birniwa aka kawo shi gidanmu bayan rasuwar uban. Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa. Shagon nan shi ne wuri na farko da ya ajiye tabarma ba a ce ya naɗe ba. A nan ya tara sadakin matarsa Falmata, a nan yake zaune aka zo aka gaya masa ta haihu, a ƙofar nan aka zo aka gaya masa ta rasu. Ya fi shekara ashirin a ciki. Alhaji Inuwa kuwa bai taɓa matsa masa ba, gaskiya ɗaya ce, har in lokacin zaɓe ya zo Modu ne yake buga masa riguna da huluna.

Sai maganar kacala. Ciyawa ce doguwa da take fitowa a cikin ruwa, ta fi mutum tsawo, saiwarta a sarƙe. In ta kama mashigar ruwa sai ta toshe ta ruf, ruwa ya rasa hanya, ya koma ya kwanta a gonakin mutane, na can ƙasa kuma su rasa ko na ban ruwa. Tsuntsayen jan baki ma a cikinta suke kwana su tashi su far wa shinkafa. Mutanen Mashayar Kuka, wani ƙauye da yawancin masu kawo mini shanshera suke, sun yi ta kuka a kan tasu mashigar har aka ba da kwangilar share ta. Wanda aka ba shi ne Alhaji Inuwa, a daidai lokacin da yake neman kujera.

Aka kawo injin share ciyawa, ya yi ta ruri a bakin gada inda motoci suke wucewa. Aka share iya inda ido yake kaiwa daga titi, aka ɗauki hotuna, injin ya tafi. Alhaji ya aiko wa Modu da allon ƙarfe ya ce a rubuta cewa an kammala aikin share mashigar Mashayar Kuka. Modu ya rubuta, fari a kan kore, harafi bai fi harafi ba. Bai je ya gani ba, bai kuma tambaya ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Aka kai allon aka kafa a bakin gadar.

Damina ta zo da ƙarfinta. Ruwa ya iso mashiga ya tarar da kacala tana nan yadda take, sai ya juya ya hau gonaki. Shinkafar Mashayar Kuka ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya rufe ta, ya kuma ƙi janyewa har ta ruɓe. A shekarar nan tukwanena rabi a kife suka kwana.

A wurinmu akwai wata ƙa'ida. Buhun da yake ɗauke da lambar wani gida ba a sayar da shi haka nan, don duk wanda aka gani da shi ɓarawo za a kira shi. In mutum zai rabu da buhunsa, sai ya kai wa mai lamba ya shafe ta da baƙin fenti. Wannan shi ake kira kashe lamba. A da, jefi-jefi ake yi, in buhu ya tsufa za a sayar wa 'yan gawayi. A kakar nan kuwa, maimakon mutanen Mashayar Kuka su zo a buga musu, sai suka riƙa zuwa da buhunansu masu kyau a naɗe, babu komai a ciki, a kashe musu su sayar su sayi tsaba. Modu ya wuni yana shafe kifi da tsani da ƙaho, abubuwan da ya yanka da hannunsa.

Ina shagon ranar da Iya Saude ta zo. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ita take noman gonarsu da 'ya'yanta mata. Lambar gidansu ludayi ce. Ta sauke ƙunshin buhuna daga kanta ta zauna a bakin ƙofa tana maida numfashi.

Modu ya gaishe ta da Barbarci ya ce, "Wushe, Iya. Sannu da hanya."

Ta ce, "Yauwa ɗan nan. Kashe mini za ka yi."

Ya warware buhu ɗaya ya shimfiɗa, ya dangwali baƙi. Sai ta ce, "Af, na ga allonka a bakin gada. Rubutun ya yi kyau, Allah ya yi wa hannu albarka. Duk yankin nan shi kaɗai ne ruwa bai ci ba."

Wallahi ba da gatse ta faɗa ba, ita yabo ta yi. Amma na ga soson ya tsaya a hannun Modu, fenti yana ɗiga a kan ƙafarsa bai sani ba. Can ya ajiye soson ya ce, "Iya, ki bar su a nan. Ki dawo kasuwa mai zuwa."

Washegari ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar Sallah. Ya hau acaɓa zuwa gadar, ya sami mai kwalekwale ya ce a shiga da shi ciki. Ba su yi nisa ba kacala ta tare su kamar bango. Suka zagaya ta kan gonaki, ana tuƙa jirgi a saman shinkafar mutane. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya gani, ya ce, "Binta, gani ya kori ji."

Ya zauna a kan fim ɗaya ya yi ta yanka, ya ɓata, ya ɗauki wani. Abin da ya fito shi ne kacala, dogayen ganyaye baƙaƙe a cunkushe, a samanta kuma ga ɗan allo tsaye a kan ƙafafu biyu, fes da shi. Ko harafi ɗaya bai sa ba, balle sunan wani. Da farko a takarda ya buga, ya liƙa a bangon kasuwa da na tasha. Kafin azahar yaran siyasa sun yage su, sun liƙa fastar Alhaji a wurin. Ya sake liƙawa, suka sake yagewa. Na ce masa, "Kai da su wa zai gaji? Su abin da ake ciyar da su a kai ke nan."

Ranar kasuwa Iya Saude ta dawo. Modu ya shimfiɗa buhunta, ya ɗauko fim ɗin nan ya ɗora a kan ludayin, ya tsaya. Ya ce, "Iya, so nake in kashe miki da wannan. Amma buhunki ne, in kin ce a'a, in shafe yadda aka saba."

Ta ce, "Buga mu gani."

Ya daddanna, ya ɗaga. Ga ludayin gidansu ja a can ƙasa, kacala ta rufe shi, sai ɗan bakinsa da yake leƙowa ta tsakanin ganye. Ga allo a sama ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Tsohuwar nan ta daɗe tana kallo. Sai ta sa gefen mayafi ta share ido ta ce, "Haka aka yi. Buga mini a dukkansu."

Saura ƙa'ida. Modu ya ɗauki buhun ya kai wa shugaban 'yan buhu, Malam Muttaka, ya tambaye shi ko wannan lambar ta mutu. Malam Muttaka ya juya buhun, ya kalli Modu, ya kalli ƙofar shagon da kowa ya san mai shi. Ya ce, "Mu dai abin da muka gada, in baƙin fenti ya hau kan lamba daga hannun mai lamba, ta mutu. Ba a ce mana ga siffar da baƙin zai yi ba." Shi ke nan buhu ya halatta.

Daga ranar duk wanda ya zo daga Mashayar Kuka sai ya ce a yi masa irin ta Iya Saude. Modu bai karɓi ko sisi a kan wannan ba. Buhunan suka shiga kasuwa, 'yan tattasai suka saya, 'yan albasa suka saya, masu busasshen kifi daga wajen Baturiya suka saya. A nan ne na gane Babarbaren nan ba kunnuwa kaɗai gare shi ba. Takarda a bango ba ta da mai ita, kowa zai iya yagewa. Buhu kuwa cike yake da dukiyar wani, ɗan jagaliyar da ya sa masa wuƙa sai ya biya tattasai. Suna ji suna gani zanen ya riƙa wucewa a kan amalanke, a bayan babur, a saman manyan motoci masu tafiya Kano da Dutse. Baƙo ya tambayi ɗan dako ma'anarsa, ɗan dako ya ajiye kaya ya ba shi labari tun daga tushe.

Ni fa tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na same shi na ce, "Modu, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka manta shagon wa kake ciki?"

Ya ce, "Ban manta ba."

"To in ya kore ka, ina za ka?"

Ya ci gaba da wanke soso a kananzir. Can ya ce, "Ni na rubuta allon nan, Binta. Mutane sun wuce sun karanta sun yi shuka da ƙwarin gwiwa." Na buɗe baki zan ce ai ba laifinsa ba ne, na ga fuskarsa, na rufe.

Abin ya fashe ne ranar da Alhaji Inuwa ya zo taron neman ƙuri'a a bakin kasuwa. An kafa masa rumfa a filin da ake lodi, don nan ne jama'a suka fi yawa. A bayansa kuwa wata babbar mota ce ake cika ta da tattasai, buhu a kan buhu har sama. Ba wanda ya shirya haka, ranar lodi ce kawai. Alhaji ya karɓi lasifika yana lissafa ayyukansa, har ya zo kan mashigar Mashayar Kuka. Yana cewa ya share ta tas, sai wani daga baya ya ce, "Alhaji, waiga!" Ya waiga. Ga kacala jere daga ƙasan mota har samanta, kowace da lambar gidan da ta cinye, kowace da ɗan allonta. Dariya ta fara daga wajen 'yan dako ta bazu. Mutanen Mashayar Kuka da suke wurin su ba su yi dariya ba, tsayawa kawai suka yi suna kallonsa.

Bayan la'asar Alhaji ya zo shagon da kansa, shi kaɗai, ya bar mota a bakin layi. Na riga shi isa, don na san za a yi haka. Ya gaishe ni, ya zauna a kan bencin da ya saba zama.

Ya ce, "Modu, me na yi maka?"

"Ni ba ka yi mini komai ba sai alheri, Alhaji."

"To shi ne sakayyar? Ka mai da ni abin dariya a gaban yaran da na haifa?"

"Ranka ya daɗe, ban sa sunanka ba."

"Kada ka raina mini hankali." Sai ya sassauta murya. "Aikin nan ba yadda kuke zato ba ne. Abin da ya iso hannuna bai kai abin da aka faɗa a rediyo ba. Ni ma akwai na sama da ni."

Modu ya ce, "Na yarda. Da sai a rubuta a allon cewa an fara."

Alhaji ya miƙe. Ya ce shi ba mai son tozarta mutum ba ne, saboda haka zaɓi biyu ne. Ko Modu ya ba shi fim ɗin nan yanzu, ya kuma yi alkawarin ba zai sake yanka irinsa ba, a manta da komai, ya ci gaba da zamansa har ƙarshen ransa. Ko kuma ya ba shi makulli.

Fim ɗin yana nan a kan tebur, fenti bai gama bushewa a jikinsa ba. Ni a zuciyata ina cewa ba shi mana, ai saƙo ya riga ya isa, me ya rage? Har na ɗan taka masa ƙafa. Modu ya dubi rufin shagon, ya dubi bakin ƙofa, ya daɗe. Sai ya ce, "Alhaji, akwai mutanen da suka ce za su kawo nasu buhunan jibi. Na riga na ce musu to." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya riƙe da hannu biyu ya miƙa masa, ya ce, "Na gode da zaman da muka yi. Allah ya saka da alheri."

Alhaji bai zaci haka ba. Ya karɓa ya ce a kwashe kaya kafin Juma'a.

A amalanke ɗaya kayan suka shiga. Na share masa zauren gidana kusa da inda nake gumi, na ce ya zauna kafin Allah ya kawo wani wuri, amma kada ya kuskura ya ɗiga mini fenti a shinkafa. Masu buhu suka biyo shi har nan. Kada in yi muku ƙarya, buhu bai kayar da kowa zaɓe ba. Abin da na sani shi ne, da maganar ta yi yawa, wasu masu manyan riguna sun zo sun shiga kwalekwale sun duba, injin ya dawo ya ɗan ƙara shiga ciki, sauran kuma mutanen ƙauyen suka yi gayya suka shiga ruwa da lauje har wuya. Shagon kuwa aka ba wani mai cajin waya.

Modu bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Har na fara cewa ashe abin bai dame shi yadda na zata ba. Sai wata safiya na fita sayen itace na bi ta layin 'yan buhu. Kasuwa ba ta cika ba tukuna. Na hango shi tsaye a ƙofar tsohon shagon, ya sa hannu a aljihu yana lalube, ya ciro, ya sa a ɗaya aljihun. Sai da ya ɗaga kai ya ga sabon kwaɗo a jikin ƙofar sannan ya tuna. Bai tafi ba. Ya tsaya a wurin, dattijo da furfurarsa, hannuwa a sake, kamar yaron da aka aika ya manta saƙo.

Na zo da tsokana a bakina, ta ƙi fita. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar na wannan lokacin ba. Na ce, "Yaya Modu." Tunda muke ban taɓa kiransa haka ba.

Ya juyo da sauri ya goge fuska da hannun riga. Ya ce, "Daga masallaci nake, ban san na biyo nan ba."

Na ce, "Na sani."

Sai ya ce, "An kawo buhuna?"

Na ce, "Tun ɗazu suke jiranka a zaure."

Ya sake duban ƙofar sau ɗaya, ya gyara hularsa, ya wuce gaba ina bin sa a baya.